Ƙoƙo Biyu na Gwadabe Mai Gyaran Mota

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta fito daga Tudun Wada ta miƙe Kwangila da sassafe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Da an sallame asuba, kafin rana ta yi ƙarfi, za ka hango wani dogon mutum baƙi, mai ɗan rankwafo, ya saɓo buhun gawayi yana tafe ba gaggawa. Gwadabe ke nan, mai gyaran mota. In ya iso rumfarsa ta gindin maɗaci sai ya sauke buhun, ya share wurin da kansa, ya yayyafa ruwa, ya hura wuta. Ya jera sifanarsa a kan tsumma daga babba zuwa ƙarama, guduma da awartaki a gefe. Abu na ƙarshe da yake zarowa daga jaka shi ne ƙoƙo guda biyu. Ya ajiye ɗaya dama, ɗaya hagu, ya yi bismillah, ya zauna jiran mota.

Shekara goma sha huɗu yana haka. Alhamis ɗin da ta wuce ya daina. Ba tsufa ya kore shi ba, don har yau in ya damƙi hannunka sai ka ji a ƙashi. Ba ciwo ba ne kuma. Mu muka kore shi, mu mutanen Tudun Wada masu hulɗa da mota, kuma ko murya ba mu ɗaga masa ba. Shi ya sa nake son a ji labarinsa tun yana da rai, kada sai an fito da makara kowa ya fara cewa mutumin kirki ne. Wannan kam mun iya shi sosai.

Gwadabe ɗan maƙera ne, daga wani ƙauye arewacin Kano. Fartanya da lauje ya tashi yana ƙerawa. Leburanci ya kawo shi Zariya shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgi, da aka gama bai koma gida ba. Da Turawa suka fara shigo da manyan motocin jigilar auduga da gyaɗa, aka nemi mai iya dukan ƙarfe a inda ake gyara su, aka ɗauke shi. A nan ya koyi cikin mota, da ido da kunne, ba takarda. Har yau bai san baƙin boko ko ɗaya ba, amma mota tana tahowa daga nesa zai ce maka, "Waccan iska take sha fiye da mai," a buɗe a tarar haka ne. Da 'yan ƙasa suka fara sayen tsofaffin motoci, sai ya fito ya kafa rumfa, shi da wani abokinsa Isiyaku wanda suka koyi aikin tare. Ba su shekara biyu ba suka rabu, kuma ƙoƙon nan biyu ne ya raba su.

Ga yadda abin yake. Na dama shi ne ƙoƙon ƙarfe. Duk abin da motarka ke buƙata wanda sai an sayo a kantin Turawa, ko an aiko da shi daga Ikko a jirgi, Gwadabe zai faɗa maka kuɗinsa yadda akawun kanti ya faɗa masa, ko anini bai ɗora ba. In ka ga dama ma ku tafi tare ka biya da hannunka. Na hagu shi ne ƙoƙon hannu: gawayinsa, zirga-zirgarsa zuwa kanti, da kwanciyar da zai yi a ƙarƙashin motarka baƙin mai yana ɗiga masa a gemu. In ya gama sai ya miƙo maka tsohon ƙarfen da ya cire, ya nuna maka inda ya ci, ya ce, "Naka ne, tafi da abinka." Yakan ce shi ba ya son mutum ya bar rumfarsa bai san abin da ya saya ba.

Wanda ya ji wannan zai ce ai rububinsa za a yi. To, akwai wani hali namu da Gwadabe bai yi tunaninsa ba. Mu ba ma taya kayan kanti. Mutumin da zai ɓata rabin yini yana ja-in-ja a kan kuɗin akuya, in ya shiga kanti akawu ya ce masa abu kaza sule goma ne, sai ya kwance lalita ya biya, har da godiya. An ce daga Ingila ya zo, ya hau jirgin ruwa, wa ya isa ya ce a rage? Amma hannun ɗan'uwanmu, wannan kamar alayyafo ne da la'asar, kowa ya zo sai ya taya. Saboda haka ba a taɓa musu a kan ƙoƙon dama ba. Duk ƙarfin cinikinmu, duk iya bakinmu, a kan na hagu yake sauka.

Na ga wannan da idona, kuma ba kallo kaɗai na yi ba. Madugu Labaran, wanda ya yi shekaru yana jan ayarin jakai zuwa Gwanja kafin ya sayar da su ya sayi mota, sifirin ɗin motarsa ya karye ana tsakiyar kakar auduga. Sifirin shi ne falle-fallen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan ƙafa. A lokacin ina yi wa Madugu dillanci, tare muka je gindin maɗaci.

Gwadabe ya leƙa, ya shafa, ya miƙe ya ce, "Madugu, sabo yana nan a kanti, fam biyu. Amma falle ɗaya ne ya karye. In ka ba ni kwana biyu zan ƙera maka madadinsa daga wani guntun ƙarfe da nake da shi, in gasa shi in ba shi ruwa yadda ya kamata, ya kai ka shekaru. Sule huɗu."

Madugu ya ce a yi. Yini biyu Gwadabe yana bugu, tun daga bakin kasuwa kana jin guduma. Ranar karɓa, ga mota tsaye cak a kan ƙafarta, sai Madugu ya gyara rawani.

"Nawa ka ce ma, maƙeri?"

"Sule huɗu, ranka ya daɗe."

"Sule huɗu! A kan me? Ƙarfen juji ne fa, ba kanti ka je ba. Me ka ƙara in ban da gawayi da gumi?" Ya juyo gare ni. "Taya mini."

Na taya. Sana'ata ce, kuma na iya ta. Na fara daga sule ɗaya, Gwadabe ya ce albarka. Na ƙara sisi, ya ce albarka. Na kawo zancen mutunci, na kawo zancen motocin da Madugu zai riƙa turo masa nan gaba. Da azahar ta matso, ga ƙarfe an riga an ɗaura ba za a kwance ba, ya sallama a sule biyu. Muka hau mota muna dariya, wai mun yi ciniki. Mutumin da ya hana mu kashe fam biyu, shi muka ƙwace wa sule biyu.

Bayan damina ɗaya gefen ya karye. Madugu bai koma wurin Gwadabe ba. Wurin Isiyaku ya je, wanda a lokacin ya riga ya yi shago mai rufin kwano kusa da tasha. Isiyaku ya ce sabon sifirin ne magani, fam uku, ɗaurawa kyauta saboda girman Madugu. Madugu ya biya ko tari bai yi ba. Sati guda yana ba da labari a zaure. "Isiyaku ɗan halak ne," in ji shi. "Ko kwabo bai karɓa na aiki ba. Ba kamar wancan maƙerin mai tsawwalawa ba."

Kada a ce na zagi Isiyaku. Bai taɓa shafa wa tsohon ƙarfe fenti ya ce sabo ne ba, kuma yana son abokinsa. Wata rana da hantsi ya biyo ta gindin maɗaci a kan kekensa, ya tarar da Gwadabe zaune ba mota ko ɗaya, ina gefe ina shan inuwa.

"Maƙeri, har yanzu kana nan da ƙoƙunan furar nan naka?"

"Ina nan, Sarkin Kanti. Yaya ɗori?"

"Ɗori lafiya lau, shi ke ciyar da 'ya'yana." Ya jingine keken ya tsuguna. "Ka saurare ni, Gwadabe. Ƙarfen da na sayo na ajiye wata takwas yana tsatsa kafin mai shi ya zo, wa zai biya ni zaman? Wanda aka aiko daga Ikko ya zo bai shiga ba, wa zai ɗauki asarar? Fam ɗayan nan da na ɗora wa Madugu, ba hannuna ba ne? Hannuna nake sayarwa kamar kai. Na dai sa masa rigar Ingila ne don a gaishe shi."

"Ai ban ce ka ci haram ba. Na ce mutumin bai san abin da ya saya ba."

"Ba ya son ya sani! Shekara nawa kana gwada su? In ka nuna musu hannu tsirara sai su yanke shi. Don Allah ka jefar da ƙoƙo ɗaya kafin ka rasa rumfar nan."

Gwadabe ya yi murmushi ya ce, "Gai da gida, Isiyaku."

An sha tambayata, da yake a kasuwa na tsufa, ko ɗorin da masu gyara ke yi wa kayan mota adalci ne. Amsata ba ta yi wa kowa daɗi. Ɗori shi kansa ba zalunci ba ne. Ni ma la'ada nake ci, amma tawa a bainar jama'a ake yanke ta, mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani. Inda abin ya ɓaci shi ne ɓoyewa, domin abin da aka ɓoye ba ya da iyaka. Yau sule goma aka lulluɓe a cikin kuɗin ƙarfe, haƙƙin wahala ne. Gobe fam guda. Jibi sai a ce wa lafiyayyen ƙarfe ya mutu, don riba tana cikin canzawa, ba cikin gyarawa ba. Mai mota kuwa ba zai taɓa sanin ranar da aka ƙetare ba. Amma wa ya koya wa masu gyara ɓoyewa? Mu ne. Wanda ya faɗa mana kuɗin hannunsa ƙiri-ƙiri muka taya shi har ƙasa, wanda ya ɓoye muka kira shi ɗan halak.

Shekarun nan duka, mai ɗakinsa Lauratu ce ta riƙe gidan da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ba mace ce mai mita ba. Amma bana da ruwa ya sauka, katangar gidan ta zube, har mai wucewa yana hango madafi. Wata safiya tana miƙa masa koko sai ta ce, "Malam, ni ban san mota ba. Amma ko ni in na auna mai, kuɗin itacen suya yana ciki. Ba na ware shi gefe in ce a zo a taya. Kuma ba wanda ya taɓa kirana ɓarauniya."

Gwadabe ya karɓa. Ya sha kokonsa yana kallon inda katanga take a da. Ran nan da ƙoƙo ɗaya ya fita.

Wanda Allah ya kawo shi ne Kailani, wani magidanci daga Tudun Jukun da ya sayar da gonar gado ya sayi tsohuwar mota yana tuƙawa da kansa. Kafireto ɗinsa ya tsage, wato 'yar tukunyar da ke haɗa wa inji mai da iska. Sai da aka aika Ikko. Sau uku Gwadabe yana takawa kanti a ƙafa kafin ya iso, ya kuma yi yini biyu yana goge shi yana daidaitawa har ya zauna. Kuɗinsa a kanti fam ɗaya da rabi. Kailani ya tambayi kuɗi. Gwadabe ya dubi ƙasa ya ce, "Fam biyu, har ɗaurawa."

Kailani bai taya ba. Ya zuba a ƙoƙon, ya riƙe hannun Gwadabe da hannu biyu. "Baba, shi ya sa nake zuwa wurinka. In kai ka faɗi kuɗin ƙarfe, ko akawun kanti ban yarda da shi haka ba. Ga shi yau har aikin ka yafe mini. Allah ya saka da alheri."

Mota ta tashi ta tafi. Gwadabe ya zauna yana kallon ƙoƙon. Sule goman nan haƙƙinsa ne, ko gaban alƙali aka je. Ya san haka. Ya san katangar da za su tayar. Amma ya kuma san abin da ya hana Kailani tambaya: shekara goma sha huɗun da ƙoƙon dama ya yi bai taɓa ƙarya ba. Da Isiyaku ne ya faɗi fam biyu, da Kailani ya san da ɗori a ciki. Da yake shi ya faɗa, sai Kailani ya ɗauka maganar kanti ce. Ya miƙa hannu zai kwashe, ya janye. Kafin la'asar ya ƙulle sule goma a bakin riga, ya taka har tasha.

Ya tarar ana yi wa motar Kailani lodin dawa, ga direbobi, ga masu ɗaukar kaya, ga fasinjoji. Da wani ne sai ya ja shi gefe. Gwadabe bai iya gefe ba, komai nasa a fili ya saba yi. A gaban kowa ya kwance bakin riga.

"Kailani, ƙarfen nan fam ɗaya da rabi ne a kanti. Sule goma na ɗora, kuɗin hannuna ne, ban faɗa maka ba. Ga su. In ka ga aikin ya kai, ka ba ni da saninka."

Kailani ya karɓa, ya jujjuya su a tafi, ya ɗaga kai ya ga idanu a kansa. Sai wani daga bayan mota ya ce, "Af, ashe Baban ma yana yi!" Aka fashe da dariya. Kailani ya ji an mayar da shi wanda aka yi wa wayo a bainar jama'a. Ya zuba tara a aljihu, ya miƙa guda.

"Ga na goro, Baba."

Gwadabe ya karɓa, ya ce madalla, ya juya.

Kafin sati labari ya gama Tudun Wada, kuma ya isa a juye. Ba a ce ya mayar ba. Cewa aka yi ya amsa da bakinsa yana ɗori. Masu ɗori kullum ba su taɓa amsawa ba, saboda haka su tsarkaka ne. Madugu Labaran ya ce a zaure dama shi ya daɗe da ganewa. Gwadabe ya dawo da ƙoƙonsa na biyu ya ajiye a mazauninsa, amma mota ta ɗauke ƙafa. Wata uku yana saɓo gawayi da safe, yana hura wuta, tana cinyewa ba ta ga ƙarfe ba.

Ranar Alhamis Isiyaku ya zo da amalanke. Gwadabe ne ya aika masa ya zo ya sayi sifanar. Ya faɗi kuɗi, Isiyaku ya biya bai taya ba. A iya sanina, in ban da kuɗin kayan kanti, a duk garin nan shi kaɗai ya taɓa ba Gwadabe abin da ya faɗa cif.

"Zo shagona ka yi aiki," in ji Isiyaku. "Ni zan riƙa faɗin kuɗi, kai ba ruwanka. Bakinka ba zai ce komai ba."

"Kunnena fa?" in ji Gwadabe. "Na gode, abokina. Gyallesu za ni, in koma fartanya. Manomi shi ma da hannu yake ci, ko ya taya ba ya kai ka ƙasa."

Guduma da awartaki da zuga-zugi kaɗai ya riƙe.

Gwadabe na Lauratu, mai ƙoƙo biyu. Kai ne ka bi wata motar fasinja a ƙafa cikin ruwan sama har bakin kogin Kubanni, don ka tuna wani noti da ba ka gamsu da ɗaurinsa ba, fasinjojin ranar suna nan da ransu za su shaida. Kai ne ka mayar da mutane gida da tsohon ƙarfensu ka ce lafiyarsa ƙalau, alhali da ka ce ya mutu ba mai musa maka. Fallen da ka ƙera wa Madugu yana nan yana ɗaukar auduga shekara shida, na kantin da ya yaba kuwa an canza shi sau biyu. Kai ne ka yi abin da kowa ke yi sau ɗaya tak, na rabin yini, ka kasa haɗiye shi, aka hukunta ka a madadin waɗanda ko shaƙewa ba sa yi. Na zo maka da sule biyun nan na ranar Madugu, ka ƙi karɓa, ka ce an riga an sallama. To, karɓi wannan. Mun gode, kuma ka yafe mana. Allah ya sa wa fartanyarka albarkar da muka hana sifanarka.

Ku kuma masu gyara da ke tasowa, ba zan ce ku zauna da yunwa ba, na ga inda ta kai mutum. Ku ci ladan ajiyarku da na zirga-zirgarku, halak ne. Amma ku faɗe shi da sunansa, ku haɗa baki ku tsaya a kai, kada a sake barin mutum ɗaya ya tsaya shi kaɗai. Ku masu mota, in kuna son a daina lulluɓe muku, ku tambaya nawa ne na ƙarfe, nawa ne na hannu. In an faɗa muku na hannu, ku rufe baki ku biya kamar yadda kuke yi a gaban akawu.

Da amalanke ta tafi, ƙoƙunan biyu suka rage a gindin maɗaci. Gwadabe ya ce in ina so in ɗauka, shi ya gama da su. Suna gabana yanzu. Na dama ya yi baƙi, ya yi santsi saboda gogar kuɗi, ya tsage sau biyu an ɗinke. Na hagu kuwa, har yau ana ganin sawun wuƙar da aka fafe shi da ita. Duk mai son ya san adalcin mutanen garin nan, ya zo ya leƙa cikinsa.